Ginin da Aka Cire wa Jan Allo

Shekara talatin da ɗaya Octavian Drăgulin ya yi yana shiga gidajen mutane a Bukarest, tef ɗin awo a aljihu, tocila a hannu. In mutum ya je banki neman bashin sayen gida, shi ake turowa ya duba gidan, ya rubuta abin da idonsa ya gani da farashin da ya dace da shi. Takardarsa ce ke sa banki ya ce e ko a'a. Hawan matakala ya cinye masa gwiwoyi, warin danshi ya zauna masa a hanci, kuma ya daɗe da daina sauraron mai gida in ya biyo shi a baya yana rantsuwa cewa tsagewar nan ta fenti ce kawai. Saura shekara huɗu ya ajiye aiki, kuma ya ƙagu.

Wata Juma'a cikin watan Oktoba, yana tsaye a bakin shagon burodi yana cin abincin rana, sai ƙanwarsa Smaranda ta kira shi. Sati biyu ke nan da zuwanta hutu daga Torino ta Italiya, inda ta yi shekara goma sha shida tana jinyar tsofaffi a gidajensu: ta ɗaga, ta wanke, ta juya, ta ba da abinci a baki. Uku daga cikinsu a hannunta suka cika. Bayanta ya riga ya lalace, ko takalmi ba ta iya ɗaurewa sai ta zauna.

"Tavi, na sami gida."

"Gidan me kuma? Ba ga ɗakin da Mama ta bar miki ba?"

"Na haya nake nufi. A tsakiyar gari, ɗaki biyu da falo. Zan riƙa saka baƙi 'yan kwana biyu, kwana uku. Răzvan ya yi min lissafi, ya ce cikin shekara takwas gidan zai biya kansa."

Răzvan ɗanta ne, direban babbar mota a Jamus. Tun da ya fara kallon masu koyar da arziki a waya ba a sake hutawa da shi ba.

"Răzvan ya taɓa sayen ko akurkin kaji?"

"Kai dai ba ka son ganin yaro ya yi wayo."

"Nawa suka ce?"

Ta faɗa. Octavian ya daina tauna. Kuɗin bai kai kashi biyu cikin uku na farashin unguwar ba.

"Anda, kin sa hannu a wani abu?"

Ya sake kiran sunanta.

"Anda."

"Kafin alƙalami kawai na ba da. Yuro dubu shida. Mutum uku ne ke layi, dillaliyar ta ce in ban kama ba zai wuce ni."

"Kullum mutum uku ne. Tun ina da gashi a kai mutanen nan uku suke layi, har yau ba su sayi komai ba. Gobe ƙarfe goma ki jira ni a ƙofar ginin."

Ginin kyakkyawa ne, wannan ba a musu. Hawa bakwai, an gina shi tun kafin yaƙin duniya na biyu, barandunsa masu lanƙwasa, a ƙasa kuma shagon rigunan amare mai faffaɗan gilashi. Smaranda ta sa kwat ɗinta na zuwa coci. Kusa da ita ga dillaliyar, Doamna Florica, wato Madam Florica, mace mai jan baki da tarin makullai, tana magana kamar an kunna rediyo.

Octavian ya gaisa da ita, amma idonsa na bango. A gefen dama na ƙofar, sama da kai kaɗan, akwai wani zagaye mai faɗin faifai inda fentin ya fi sauran haske, da ramukan ƙusa huɗu. Duk ɗan Bukarest ya san abin da ke zama a irin wannan wuri: jan allon nan da hukuma ke kafa wa ginin da injiniyoyi suka ce ba zai tsaya ba in ƙasa ta yi girgiza mai ƙarfi. Wani ya cire shi. Octavian ya bi su ciki.

Lif ya mutu. Doamna Florica ta ce gobe za a gyara. Suka hau da ƙafa zuwa hawa na huɗu, shi yana riƙe gwiwa, ƙanwarsa tana riƙe ƙugu, suna tsayawa a kowane hawa kamar masu rakiyar gawa.

Mai gidan, Domnu Iorgu, wato Malam Iorgu, tsohon malamin kiɗa ne da ya haura tamanin. Ya ɗaura laktaye don zuwansu, ya kawo kofi da dafaffen ceri mai sukari a ƙananan faranti. Gidan kuwa rufinsa can sama, daɓensa katako ne da ya sha shafa, rana tana shigowa ta tagogi uku. Smaranda ta kama hannun yayanta tana zagayawa da shi.

"Nan gado. Nan teburi da furanni. Labule fari zan sa, na riga na gani a Torino. Dubi hasken nan, Tavi. Ka taɓa ganin irinsa a akwatunan da kake aunawa?"

Ya daɗe bai ga fuskarta haka ba. Abin ya sa ya ƙara jin nauyin jikinsa.

"Doamna Florica, ina makullin ɗakin ƙarƙashin ƙasa?"

"Haba Domnu, ai gida kuke saya, ba rumbu ba. Ba komai can sai tarkace da ɓeraye. Makullin ma yana wurin shugaban gini, kuma ya yi tafiya."

Tsohon ya tashi a hankali, ya buɗe aljihun teburi, ya ɗauko wani makulli mai igiya ya miƙa wa Octavian ba tare da ya dube shi ba.

Su biyu suka sauka, shi da Smaranda. Ya haska tocila a kan ginshiƙan da ke ɗauke da ginin. Simintin ya kumbura ya tsattsage, rodin ciki ya fito fili, ya yi tsatsa jawur. Ya sa bakin makulli ya ɗan danna, sai wani gutsure ya ɓalle ya faɗi ya zama gari kamar busasshen tuwo. Ya ƙirga ginshiƙan layin gaba, shida. Suka fito titi ya tsaya da ita a gaban shagon amare.

"Ƙirga min ginshiƙan nan."

"Huɗu."

"A ƙasa shida ne. Biyu an sare su don gilashi ya yi faɗi, a ga riguna da kyau. Hawa shida ke zaune a kan wannan gilashin."

Sannan ya ciro waya ya buɗe jerin gine-ginen da hukuma ta ce suna cikin haɗari mafi girma. Ya nuna mata sunan titin da lambar ginin.

Ba su koma sama ba. Suka taka zuwa lambun Cișmigiu suka zauna a benci, ganyaye na zuba.

"Shekara tamanin da wani abu yana tsaye," ta ce. "Ya ga yaƙi. Ya ga girgizar ƙasa ta shekarar saba'in da bakwai."

"Ya gani. Shi ya sa ya zama haka. Kina da shekara takwas lokacin, ni na goyo ki muka sauko. Kin manta abin da muka gani a babban titi washegari? Irin waɗannan ne suka zauna. Masu kyan nan."

"Kai ka san mutane a bankuna. Ka rubuta takardar da kanka mana."

"Ba za a ba ni aikin 'yar'uwata ba. Ko an ba ni, me zan rubuta? Yarinyar da ke teburin bashi danna ɗaya za ta yi ta ga ginin a jeri. Kamfanin inshora ba zai taɓa shi ba, banki kuma ba ya zuba kuɗinsa a gidan da ba inshora. Ba ƙiyayya ba ce, Anda. In banki ya gudu daga gida, ke ma ki tattara zaninki ki bi shi."

"Kullum haka kake. Tun muna yara. Mutum ya zo da murnarsa, kai sai ka ciro tocila."

"To bar batun banki. A ce kuɗin duka suna jakarki yanzu. Za ki kwantar da 'ya'yan mutane a can, ki karɓi kuɗinsu, ki koma ɗakin Mama ki yi barci?"

Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ba zan iya komawa ba, Tavi. Tsohuwar da nake kula da ita yanzu kilo casa'in ce. Sau shida nake ɗaga ta a rana. Tana kirana da sunan wata 'yar aikinsu da ta mutu tun ban je ƙasar ba. Na ce a raina wannan hutun shi ne na ƙarshe, in saya, in koma wata uku in haɗa kayana, shi ke nan."

Ya karɓi takardar da ta sa wa hannu, ya sa tabarau ya karanta sau biyu. Abin da yake nema babu shi: layi ɗaya tak, wanda ya sha gaya wa baƙin mutane a kan matakala kyauta, cewa in banki ya ƙi ba da bashi, a mayar wa mai saye kafin alƙalaminsa. A takardar an rubuta akasin haka. In mai saye ya janye, ko don me, kuɗin sun zama na mai gida.

"Me ya hana ki kira ni kafin ki sa hannu?"

"Don na san abin da za ka ce."

Daga ranar Doamna Florica ta daina ɗaukar waya. Litinin da la'asar, bayan ya tashi daga aiki, suka koma wurin tsohon su kaɗai. Lif yana nan yadda yake. Wannan karon ba laktaye, Domnu Iorgu yana cikin rigar sanyi mai huji a gwiwar hannu.

"Na san za ku dawo," ya ce. "Ku ne na shida. Kowa ya zo ya yaba haske, ya je banki, shi ke nan. Sauran dai ba su ba da komai ba kafin su je."

"Wa ya cire allon?" in ji Octavian.

"Mai shagon ƙasa, shekara biyar ke nan. Ya ce yana korar masa amare. Mu kuma muka yi shiru, don wa ke son ya shiga gidansa kullum ta ƙarƙashin wannan abu? Na ɗauka an gaya muku. Na rantse na ɗauka an gaya muku." Ya ɗan tsaya. "A'a. Ban tambaya ba dai. Ban so in sani ba."

Ya ce rabonsa da sauka ƙasa tun watan Agusta. Maƙwabciya ke sayo masa burodi. Akwai wani gidan tsofaffi a hanyar Ploiești da ya yarda zai karɓe shi, ɗaki a ƙasa, ba matakala, amma sai ya sayar da nan. Daga kuɗin Smaranda dillaliya ta cire ladanta, shi kuma ya aika wani abu can don a riƙe masa gurbi. Ya shiga ɗaki yana jan ƙafa, ya fito da ambulan.

"Abin da ya rage ke nan, Doamna. Ya ɗan haura rabi. Doka ta ce nawa ne, na sani. Amma ba na iya cin abinci da shi a gidan."

Octavian ya buɗe baki zai yi maganar sauran, sai ya ga ƙanwarsa ba ta ma kallon ambulan ɗin. Ƙafafun tsohon take kallo, sun kumbura sun cika silifas.

"Tun yaushe suke haka?"

"Sun saba."

"Ba su saba ba. Kuna shan maganin fitar da ruwa? Ina yake? Wannan ai ya ƙare tun watan jiya." Ta jawo kujera, ta ɗora matashi, ta ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya ta aza a kai, da irin saurin hannun da ya yi abu sau dubu. "Haka za ku riƙa zama. Gishiri kuma ku rage. Gobe zan kawo maganin, ku ba ni takardar likita."

Da suka sauko Octavian ya ce ana iya kai dillaliyar kotu, tun da ta ɓoye abin da ta sani. Zai ɗauki shekara biyu, wataƙila uku.

"Bar ta," in ji Smaranda. "Ba ni da bayan zaman bencin kotu."

Sati biyu ba ta yi masa maganar gida ba. Shi ne da kansa ya je ya same ta a ɗakin mahaifiyarsu, ta tuƙa mamaliga, tuwon masara, ta barbaɗa cuku, suka ci. Da suka gama ya ture faranti ya jawo takarda.

"In har yanzu kina so, to bari mu yi shi yadda ake yi. Ba baƙin kwana biyu ba. Wa zai wanke zannuwan gado kina Torino, ni? Mai haya na shekara za ki nema, mai albashi. Lissafin Răzvan kuma na gani. Ya ɗauka gida ba ya zama babu kowa, famfo ba ya lalacewa, gwamnati ba ta karɓar haraji. Cire wata biyu a kowace shekara. Cire gyara. Kuma ba za ki zuba duk abin da kika tara ba, sai kin bar na wata shida a gefe, ko da mai haya ya gudu."

"To me ya rage?"

"Kaɗan. Amma na gaske ne."

Ya kai ta Berceni, can kudu, inda dogayen gine-gine masu launin toka suka jeru kamar an buga su da hatimi ɗaya. Wanda ya zaɓa an gina shi shekara biyar bayan girgizar, lokacin da tsoro bai bar injiniyoyi ba. Kafin su ga gidan sai da ya sauka da ita ƙasa ya nuna mata bangaye a bushe da bututun da aka sauya, sannan ya karanta takardar da ke manne a ƙofa, mai nuna wa ya biya kuɗin ruwa da ɗumama, wa bai biya ba. Ya ce gini ake saya, gidan kyauta ake ba da shi a kai.

Gidan ɗaki ɗaya ne da falo a hawa na shida. Rufin har Octavian na iya taɓa shi da hannu. Matakala na warin kabeji. Taga tana kallon tagar wasu.

"Akwatin ashana," in ji Smaranda.

"Minti bakwai zuwa jirgin ƙarƙashin ƙasa, minti goma zuwa asibiti. Ma'aikatan jinya za su yi miki layi, na gaske ba na Florica ba."

"Ko kare ba zai ɗauki hoton nan ba."

"Ba a ce ki aure shi ba."

Ta yi tsaki, amma ta buɗe famfo, ta leƙa bayan kabad, ta ƙwanƙwasa bango kamar yadda ta ga yana yi. A wannan karon layin nan ya shiga takarda kafin ta taɓa biro.

Ko a nan ma ba a tsira ba. Mai duba gidan da banki ya turo, wata mata da Octavian ya sani sama-sama, ta rubuta cewa an toshe baranda da gilashi an mayar da ita kicin, kuma zanen da ke hannun hukuma bai nuna haka ba. Banki ya ce sai takarda ta yi daidai da gini. Octavian ya ga barandar tun ranar farko, ya kuma gaya wa masu gidan, suka ce ai kowa a ginin haka ya yi. Gaskiya ne, kowa haka ya yi. Wata biyar aka kwashe ana yawo tsakanin mai zane da ofisoshi, kuma da yake Smaranda ta koma bakin aiki, shi ya yi yawon, a lokacin cin abincinsa, da fayil a hammata.

Sai kuma batun shekarunta. Banki ya ce dole bashin ya ƙare kafin ta kai shekarun da suka yanka, don haka wa'adin gajere ne, abin da za ta riƙa biya duk wata ya fi kuɗin hayar. Kuma albashinta na Italiya suka duba suka yarda. Ba albashin, ba bashi. Da ya gaya mata a waya ta yi dariya, irin wadda ba daɗi a cikinta.

"Wato don in daina ɗaga tsohuwa, sai na ci gaba da ɗaga tsohuwa."

"Haka takardar ta ce."

A watan Afrilu ta zo na kwana huɗu ta sa hannu. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar garin Vaslui ta kama hayar tun kafin fenti ya bushe. Smaranda ba ta sa farin labule ba, na masu gidan na da ta wanke ta mayar.

Ranar komawarta ya raka ta tashar mota da safe. Tafiyar kwana ɗaya da rabi ce a bas, amma ta fi jirgi sauƙi in mutum yana da kaya, ita kuwa ta cika jaka da kwalaben zacuscă, miyar gauta da tattasai. Direba ya ɗaga jakar ya ce, "Tanti, duwatsu kika zuba?" Ta ce masa ya ɗaga da gwiwa ba da baya ba, in yana son ya kai shekarunta a miƙe. Ta roƙi kujerar bakin hanya don ta riƙa miƙe ƙafa.

Ta ciro makulli biyu ta sa wa yayanta a tafin hannu.

"Yarinyar da ke haya ta ce famfon kicin yana ɗiga."

"Zan duba."

"Shekara biyu, Tavi. In na matse, na riƙa biyan ƙari, shekara biyu na dawo gaba ɗaya."

Shi ya karanta takardar bankin layi-layi, ya san abin ya fi kusa da huɗu. Ya dubi yadda ta dafa ƙofar motar kafin ta ɗaga ƙafa.

"Shekara biyu," ya ce.

Motar ta ja. Ya tsaya har ta sha kwana, sannan ya tsallaka titi ya shiga shagon kayan famfo, ya tambayi robar da ake sa wa bakin famfo, ta tsohon yayi.